Waƙa A Gefen Gadon Majinyaci: Abin Da Na Gani A Illela

Yau filin namu zai yi tattaki zuwa Illela, garin nan na bakin iyaka wanda ke kilomita 80 da ɗoriya arewa da birnin Sakkwato. In mutum ya wuce Kware da Gwadabawa ya isa Illela, to, saura 'yan kilomitoci kaɗan ya ga kansa a Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar. Yawancin baƙin garin kasuwa ke kawo su, musamman ran Lahadi da ake cin kasuwar shanu da raƙuma da tumaki. Ni kuwa dubiya ce ta kai ni.

Gwaggona ce ba ta da lafiya, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai ta can tun ban san kaina ba. Ta daɗe da hawan jini, tana shan magani yau ta bari gobe, kamar yadda da yawa daga cikinmu ke yi. Ran nan da asuba ta tashi za ta yi alwala sai ta faɗi. Kafin a kai ta asibiti a Sakkwato ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Bayan an sallamo ta, sai ga mace mai kaifin harshe, wadda a da ba a ƙulla aure a unguwar sai ta sa baki, ta koma sai kallo. Tana jin duk abin da ake faɗa, tana kuma ganewa, amma in ta buɗe baki za ta nemi ruwa sai kalmar ta maƙale, hawaye su biyo baya.

Kwana biyu da zuwana, da hantsi, jikarta 'yar shekara 14 tana surfen gero a tsakar gida, tana rera wata tsohuwar waƙar bege wadda ita gwaggon ce ta koya mata. Muna zaune a bakin ɗaki sai muka ji murya ta biyu ta shigo. Gwaggo ce. Baiti guda cur ta kai ƙarshensa, kalma bayan kalma, babu gargada. Matar ɗanta ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta ce, "Inna, ke ta? Ashe kina iya magana?" Gwaggo ta juyo za ta amsa, sai bakin ya sake ƙi.

To, daga nan fa gida ya rabu biyu. Wasu suka ce dama da gangan take yi don a riƙa lallashinta. Wasu suka ce ai ba ita ba ce, mutanen ɓoye ne ke waƙa da bakinta, a je ƙetaren iyaka a nemo mai magani. Maganar farko ta fi yi mini ciwo, domin a gabanta aka yi ta, tana ji, ba ta da bakin kare kanta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin na tabbata akwai gidaje da yawa da aka taɓa ganin irin wannan, aka yi wa marar lafiya mummunar fassara.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan al'amari. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ɓari biyu ce, kuma kowane ɓari kishiyar gefensa yake sarrafawa a jiki. A wajen yawancin mutane cibiyar magana tana ɓarin hagu. Saboda haka in jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a hagu, sai hannu da ƙafar dama su shanye, magana ta tafi tare da su. Ita kuwa waƙa ba a wuri ɗaya take zaune ba. Karinta da amonta da kalmomin da aka haddace tun ƙuruciya suna bin hanyoyi a ɓarin biyu duka, suna ma jingina ƙwarai ga na dama. Watau kamar gari ne da gada ta karye a babbar hanyarsa, amma burtalin bayan gari yana nan, mai ƙafa zai iya bi ya shiga.

A shekarar 1973 wasu masana a birnin Boston na Amurka suka bayyana dabarar bin wannan burtali. Sai a ɗauki gajeriyar maganar yau da kullum, kamar neman ruwa ko gaisuwar safe, a sa mata kari a rera ta a hankali tare da majinyaci, ana ɗan bubbuga hannunsa na hagu daidai da kowace gaɓa. A yi ta maimaitawa, sa'an nan a riƙa rage karin sannu sannu har maganar ta tsaya da ƙafarta. Wata 'yar majalisar Amurka mai suna Gabby Giffords, wadda aka harba a ka a shekarar 2011 maganarta ta ɗauke, waƙa na cikin abubuwan da aka yi amfani da su wajen dawo mata da baki. Ba kowa ke samun sauƙi kamar haka ba, ya danganta ga girman ɓarnar da ciwon ya yi. Amma dai mun ga cewa abin da gwaggo ta yi ba wasa ba ne, ba kuma aikin iska ba ne.

Wannan dabara reshe ɗaya ce daga wani fannin ilmi da ake kira jinya da waƙa, watau a yi amfani da waƙa ko kiɗa bisa tsari, a hannun wanda ya koya, don cimma wata bukata ta lafiya da aka ayyana tun farko. A lura da wannan sharaɗi na tsari. In kika kunna rediyo kika ji sanyi a ranki, wannan hutawa ce, kuma tana da kyau. Amma ma'aikaciyar jinya da waƙa sai ta fara duba majinyaci, ta san ciwonsa, ta san irin waƙar da ya tashi da ita, ta rubuta abin da take son gani bayan mako huɗu ko shida, sa'an nan ta riƙa auna ci gaba tana gaya wa likita.

A matsayin sana'a mai takardar shaida, abin bai daɗe ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, makaɗa sun riƙa shiga asibitocin sojan Amurka suna yi wa waɗanda suka dawo da raunuka da firgici kiɗa. Da likitoci suka ga canji a jikin majinyata, sai suka ce lalle a horar da masu yin haka. A 1944 aka buɗe kwas na farko mai ba da digiri a jihar Michigan, a 1950 aka kafa ƙungiyar masu sana'ar a Amurka. A Ingila wata mata mai suna Juliette Alvin ce ta yi jagora har aka fara koyarwa a makarantar Guildhall ta Landan a 1968. Ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki kuwa a 1985 aka kafa ta a birnin Genoa na Italiya.

Sai dai kada 'yan makaranta su ɗauka Turawa ne suka fara tunanin. Malaman Musulunci irin su Alkindi da Alfarabi da Ibn Sina duk sun yi rubutu a kan yadda sauti ke taɓa zuciya da jiki. A birnin Edirne na ƙasar Turkiyya akwai asibitin da Sarki Bayazidu na Biyu ya gina, aka gama a 1488, inda ake jinyar masu taɓin hankali da magani da ƙarar ruwa mai gudana da ƙamshi da kuma kiɗa. Wani matafiyi mai suna Evliya Celebi da ya ziyarci wurin a ƙarni na 17 ya rubuta cewa makaɗa da mawaƙa 10 ne ke zuwa sau 3 a mako. Ginin yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi.

Bari mu dawo gida, domin a nan ne zancen ya fi daɗi. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa goya jariri mai rigima tana jijjiga shi tana waƙar reno har ya yi barci ba? Wace ce ba ta san cewa daka ya fi sauƙi in ana lugude, taɓare uku suna faɗawa turmi ɗaya ba tare da sun yi karo ba? Iyayenmu sun yi waƙar niƙa a kan dutse, a cikinta suke amayar da abin da ke cin ransu game da kishiya ko uwar miji, abin da ba su da ikon faɗa a fili. Sun yi waƙar daɓe, sun busa shantu, sun kifa ƙwarya a ruwa sun yi amada. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana sa matan kulle dariya da shewa da kiɗan ƙwarya, kuma duk wadda ta taɓa halartar irin wannan taro ta san yadda ake komawa gida da sauƙin zuciya. Yanzu injin niƙa ya karɓe dutse, siminti ya karɓe daɓe, wayar hannu ta karɓe gaɗa. Ba na kukan wahalar da ta tafi, Allah ya raka taki gona, amma waƙoƙin da suka tafi tare da ita ba mu sami madadinsu ba.

A ƙasar Sakkwato kuma muna da wani misali babba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, da waƙa ta karantar da matan karkara. Ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fillanci da Larabci, jajis ɗinta na 'Yan Taru suka haddace suka kai ƙauyuka, a zamanin da yaƙi ya bar mata da yawa cikin takaba da baƙunta da zaman kewa. Ilmi ta ba su, amma ta haɗa musu da taro da murya ɗaya, kuma wannan ma wani abu ne ga mai raunin zuciya.

Ba zai yiwu a yi wannan zance a bakin iyakar Illela da Ƙwanni a tsallake bori ba. Kowa ya san cewa tun kafin zuwan asibiti, in mace ta kamu da ciwon da aka rasa kansa, akan kai ta a yi mata girka, masu goge ko garaya da masu ƙwarya su yi kwana da kwanaki suna kiɗa, kowane iska da takensa. Masana daga waje sun rubuta littattafai a kan haka. Fremont Besmer ya zauna da makaɗan bori a Kano ya fitar da littafinsa a 1983, Adeline Masquelier kuma ta yi nata binciken a Dogon Dutsi cikin Nijar, littafin ya fito a 2001. Ni ba kira nake a koma ga bori ba. Malamanmu tun zamanin Shehu sun yi hani da shi, kuma a aikace ma na ga matan da aka ɓata wa lokaci da dukiya a can alhali farfaɗiya ce ke damunsu, wadda ƙwayar magani ke kwantarwa. Amma akwai tambayar da ya kamata mai ilmi ta yi: me ya sa mata suka riƙa zuwa? Amsar da na gano ita ce, a can ba a barin marar lafiya ita kaɗai. Ana kewaye ta, ana kiran sunanta, ana sauraron kukanta, ana ba ta matsayi. In mun hana ta wancan, wajibi ne mu tanadar mata inda za ta sami wannan kulawa ta hanyar da ba ta saɓa wa addini da hankali ba. Likitan nan ɗan Nijeriya, Farfesa Adeoye Lambo, ya gane haka tun 1954, lokacin da ya fara ajiye masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta tare da danginsu, maimakon a kulle su a ɗaki.

Misalin da ya fi kama da halinmu daga ƙasar Gambiya ya zo, ƙasar Musulmi kamar tamu. A can akwai ƙungiyoyin mata da ake kira Kanyeleng, matan da suka sha fama da rashin haihuwa ko mutuwar 'ya'ya, waɗanda suka shahara da waƙa da barkwanci a wajen biki. Masu bincike daga Gambiya da Ingila suka haɗa kai da su, aka riƙa tara mata masu ciki a asibitin awo sau ɗaya a mako, har mako 6, ana waƙa tare ana amshi, cikin waƙar ana saka saƙon kula da kai da neman taimako in damuwa ta yi yawa. Mata 124 ne suka shiga gwajin, aka buga sakamakon a 2020. Waɗanda suka halarci zaman waƙar alamun damuwarsu sun ragu fiye da na waɗanda suka tsaya ga awo kaɗai. Gwajin ƙarami ne, masu shi ma sun faɗi haka, amma ya nuna hanya. Ba a sayo kayan kiɗa daga waje ba, ba a kawo baƙuwar waƙa ba.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da ciwon damuwa ko makamancinsa bayan haihuwa. Mu a nan mun iya kula da jikin mai jego. Ga wankan ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama. Amma in ta yi shiru ta daina cin abinci, tana kuka babu dalili, ba ta sha'awar ɗaukar jaririn, sai mu ce shagwaɓa ce ko kewar gida. Irin wannan mace tana bukatar a kai ta wajen ma'aikatan lafiya, tana kuma bukatar 'yan'uwa mata su zauna da ita. Zama na waƙa da hira a ranar awo ko ranar rigakafi ba zai ci kuɗin kowa ba.

Sauran wuraren da aka gwada abin suna da yawa, zan taɓo kaɗan. A 2013 an buga wani bincike da aka yi a asibitoci 11 na Amurka a kan jarirai bakwaini 272, aka ga waƙar reno da sauti mai taushi na daidaita bugun zuciyarsu, suna taimaka musu wajen tsotso da barci, iyayen ma hankalinsu ya fi kwanciya. A 2015 mujallar likitoci ta Lancet ta tattara gwaje-gwaje 73 da suka shafi mutum kusan 7,000 da aka yi wa tiyata, aka ga masu sauraron kiɗa sun fi samun sauƙin zafi da fargaba, sun kuma rage neman maganin kashe zafi. Masu ciwon makyarkyata kan gyara takunsu in ana buga musu kari mai daidaito. Tsofaffi masu gigin tsufa, waɗanda suka manta sunan 'ya'yansu, sau da yawa sukan tuna waƙar ƙuruciyarsu. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto da ya duba bincike fiye da 3,000 a kan amfanin waƙa da sauran fasahohi ga lafiya.

Amma a yi hattara. Waƙa ba ta sauke hawan jini ta maye gurbin ƙwaya, ba ta kashe zazzaɓin cizon sauro, ba ta tsai da jijjigar mai ciki. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki farat ɗaya, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'a. Mai taɓin hankali kuma ga Asibitin Tarayya na Masu Taɓin Hankali nan a Kware, a kan hanyar Sakkwato, ba sai an ɗaure shi da mari a ɗaki ba. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin waɗannan bayin Allah haƙƙin a yi musu jinya cikin mutunci. Har wa yau, sauti kansa yana iya cutarwa. Ina ganin mata a gidan biki sun zauna dab da lasifika da jariri a baya, 'yan mata kuma sun toshe kunne da abin sauraro dare da rana. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Na san wata za ta ce, to, ina hukuncin kiɗa? Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne, kowace ta tambayi malaminta. Abin da zan ce kawai shi ne yawancin abin da na ambata da murya ake yinsa, sai tafi ko bubbuga hannu. Waƙar reno da waƙar bege da waƙoƙin wa'azi da aka gada sun isa a fara da su. Karatun Alƙur'ani kuwa matsayinsa dabam ne, ba a sa shi a sahun waƙa.

Yanzu gare ku 'yan makaranta, musamman ku na Illela da Gwadabawa da Gada da Tangaza. In wannan aiki ya ba ki sha'awa, ta ina za ki fara? Shawarata ita ce ki fara riƙe sana'ar lafiya ko ta koyarwa da hannu biyu, sa'an nan ki ɗora waƙar a kanta. Mai son aikin jinya tilas ta ci Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, watau Fizik da Kemistiri da Bayoloji, don haka tun shiga babbar sakandare za ki zaɓi ajin kimiyya. A Sakkwato akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha, akwai kuma sashen ilmin jinya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tare da asibitinta na koyarwa. Wadda ta gama tana iya ƙaro ƙwarewa a jinyar masu taɓin hankali. Wadda ta fi son yara masu bukata ta musamman, kamar makafi da masu jinkirin magana, akwai sashen wannan ilmi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. A Oshodi ta Ikko akwai makarantar tarayya mai horar da masu koya wa majinyata komawa ayyukan yau da kullum. Ilmin kiɗa da waƙa kansa kuwa, Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe masa sashe tun farkon shekarun 1960, kuma malamai irin su Farfesa Charles Aluede na jami'ar Ekpoma sun yi rubuce-rubuce a kan yadda mutanen ƙasar nan ke jinya da waƙa.

Cikakken horo na zama ƙwararriya a nahiyarmu, wanda ya fi suna shi ne na Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu, inda aka fara digiri na biyu a wannan fanni a 1999. Suna son mai shiga ta iya waƙa ko kiɗa sosai, ta kuma karanta ilmin halayyar ɗan Adam. Hanya ce mai nisa, amma akwai 'yan matan Sakkwato da suka je ƙasashen da suka fi nan nisa karatun likita suka dawo.

Kafin nan akwai abin karantawa wanda ba ya bukatar fasfo. Mujallar Voices, wadda aka fara a 2001, kyauta ake karanta ta a intanet, kuma tana buga rubutun masu wannan aiki daga Afirka da sauran duniya. Rahoton Hukumar Lafiya na 2019 da binciken Gambiya su ma kyauta ne. Littafin likita Oliver Sacks mai suna Musicophilia, na 2007, cike yake da labaran majinyata irin gwaggona, kuma Turancinsa ba mai tsauri ba ne. Ta ɓangaren namu, ki nemi littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka da makaɗan Hausa, da rubuce-rubucen Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a kan magungunan Hausawa. Akwai ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, akwai kuma littafin Beverly Mack na 2004 a kan waƙoƙin matan Hausa. In kin shiga Sakkwato, ki leƙa Cibiyar Nazarin Hausa ta jami'a da gidan tarihi na Waziri Junaidu, ki gaishe da ma'aikata ki faɗi abin da kike nema.

Ku 'yan bakin iyaka kuna da wata dama da 'yan cikin ƙasa ba su da ita. Kusan kowane gida a Illela yana da dangi a Ƙwanni, kuma ko rufe iyaka da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, bai raba wannan zumunci ba. Wadda ta tsinci Faransanci a bakin 'yan'uwanta ta riƙe shi da kyau, domin akwai rubutu mai yawa a kan wannan fanni cikin harshen, a Yamai kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, wadda ke adana kayan kiɗan gargajiya na Nijar.

Amma babban ɗakin karatun yana cikin gidajenku, kuma kullum raguwa yake yi. Kowace tsohuwa da ta rasu takan tafi da waƙoƙin reno da na niƙa da na daɓe waɗanda ba a rubuta ko ɗaya ba. A hutun nan ki sayi littafin rubutu guda. Ki zauna gaban kakarki ki ce, "Kaka, wace waƙa kike yi wa babana in ya ƙi barci?" Ki nemi izninta ki ɗauki muryarta a waya, ki rubuta kalmomin yadda ta faɗe su da Sakkwatancinta, kada ki gyara. Ki rubuta lokacin da ake yin waƙar, da wanda ake yi wa, da garin da ta koyo ta. Ranar da za ki tsaya gaban majinyaciya 'yar shekara 70 daga Kalmalo ko Araba, waƙar Turawa ba za ta motsa ta ba, wannan littafin naki ne zai yi aiki.

Ku kuma matan aure masu jinya a gida, ga yadda muka yi da gwaggo. Da muka koma asibiti ranar ganin likita mun faɗa masa abin da ya faru, ya ce mu ci gaba, amma kada mu fasa maganin hawan jini da zuwa gashin ƙashi. Muka zaɓi maganganu uku kacal: neman ruwa, amsa gaisuwa, da kiran sunan jikarta. Muka ɗora kowace a kan karin waƙar begen nan da ta sani. Safe da yamma, minti 10 zuwa 15, yarinyar kan zauna gabanta ta riƙe hannunta na hagu, su rera tare tana bubbugawa. In gwaggo ta gaji ko ta yi fushi sai a bari. An hana yara yi mata dariya, an kuma hana manya yin zancenta a gabanta kamar ba ta nan.

Na kwana 9 na dawo. Ran da zan taho ba ta iya ko ɗaya ba tukuna sai tare da yarinyar. Bayan mako 5 matar ɗanta ta bugo mini waya, ta ce da azahar Inna ta nemi ruwa ita kaɗai, da ɗan kari a muryarta kamar mai shirin waƙa, amma kowa ya ji abin da ta ce. Gaisuwar ma ta fara fitowa. Sunan jikar ne har yanzu yake ba ta wuya, sai ta kama gaɓar farko ta tsaya. Ita kuwa yarinyar ta cika shafi 20 na littafinta da waƙoƙin tsofaffin unguwa, ta kuma aiko a tambaye ni ko Kemistiri yana da wuya, domin baɗi za ta shiga babbar sakandare.